Kafin Ka Tura Wannan Saƙon

Saƙo ya shigo wayarka. Hoto ne, baƙin hayaƙi ya turnuƙe sama, a ƙasa an rubuta: "Yanzu-yanzu! A tura wa kowa." Gabanka ya faɗi, yatsanka har ya kai kan maɓalli. To, dakata tukuna.

A ranar 22 ga Mayun 2023, irin wannan hoton ya karaɗe Twitter, wai wani abu ya fashe kusa da Pentagon, hedikwatar tsaron Amurka. Shafuka masu shuɗiyar alamar tantancewa suka yi ta yaɗa shi, har kasuwar hannun jari ta ɗan girgiza. Ashe babu abin da ya fashe, hoton haɗi ne. Waɗanda suka ƙura masa ido sun ga ƙarafan shingen da ke cikin hoton sun narke cikin juna.

Me ya sa ƙarya ke gudu haka? A 2018, masu bincike a jami'ar MIT da ke Amurka sun bibiyi labarai kusan 126,000 a Twitter. Sun gano cewa kafin gaskiya ta isa ga mutum 1,500, sai ta ɗauki kusan ninki shida na lokacin da ƙarya ke ɗauka. Abin da ya fi damuna shi ne, mutane ne kamar ni da kai suka fi yaɗa ta, saboda tana zuwa da ban mamaki da tayar da hankali.

Don haka tambayar farko: wa ya faɗa? "Wata majiya mai tushe" ba suna ba ne. Fita daga cikin saƙon, ka nemi labarin a wani wuri. Abin da ya kai girman haka, in da gaske ne, ba shafi ɗaya ne zai ɗauko shi ba.

Sai hoton kansa. Sau da yawa na gaskiya ne, amma tsoho, daga wata ƙasa, aka liƙa masa sabon bayani. Saka shi a Google Lens ko TinEye, za su nuna maka inda ya taɓa fitowa a baya. Minti ɗaya ya isa.

A WhatsApp kuma, duba saman saƙon. In ka ga kibiya biyu, ya ratsa hannu aƙalla biyar kafin ya iso gare ka, kuma da wuya wanda ya turo maka ya san wanda ya fara rubuta shi. Tambaye shi a keɓe, cikin mutunci: "Don Allah, a ina ka samo wannan?"