Wane lissafi zan fara da shi a jami'ar Amurka?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau daga bakin ginin sashen lissafi nake muku magana, nan jihar Ohayo. Ku yi haƙuri da ƙarar iska. Ƙannenmu da suka samu gurbin karatu bana sun dame ni da tambaya ɗaya: "Yaya, wane kwas ɗin lissafi zan ɗauka a zangon farko?" To, bari in amsa muku gaba ɗaya.

Da farko dai, ba kai ke zaɓa ba. Ko da A1 ka zo da shi a WAEC, jami'o'i da yawa a nan sai sun yi maka gwajin tantancewa. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi yaɗuwa shi ne ALEKS, na kamfanin McGraw Hill. A kwamfuta ake yi, tambayoyin ba sa wuce 30, kuma babu canki-canka irin na JAMB, kai za ka shigar da amsarka. In ka ci tambaya, ta gaba ta ƙara tsauri. In ka faɗi, ta sassauta, har na'urar ta gano inda ƙarfinka ya tsaya. Makin daga 0 zuwa 100 ne. A makarantu da dama, 46 zai kai ka ajin aljabara, 61 ajin share fagen kalkulas (wato lissafin yadda abubuwa ke canzawa), 76 kuma Kalkulas 1. Amma kowace makaranta da ma'auninta, ka duba na taka.

Ga inda nake so ku saurare ni da kyau. Wasu makarantun suna bari ka yi gwajin daga gida. Sai ka ga yaro ya zaunar da yayansa mai digiri a gefe, an ci 85, ana murna. Wallahi kansa ya cuta. An jefa shi ajin da ya fi ƙarfinsa, kuma ranar jarabawa yayan nan ba ya cikin ɗakin.

Don abin da ke kayar da mutane a Kalkulas 1, a ganina, ba kalkulas ɗin ba ne. Ƙa'idojin difarenshiyeshan, wato gano saurin da abu ke canzawa, ba su da yawa, wanda ya yi Further Maths a sakandare ma ya riga ya gansu. Aljabara ce ke yanka mutum. Layi ɗaya na amsarka kalkulas ne, layi biyar da ke biye duk warware baka ne, haɗa firakshan masu x a ƙasa, da dokokin logaridim. Nan maki ke zubewa. Sannan ga kusurwa: mu mun saba da digiri, 30, 60, 90. A nan radiyan ake amfani da shi, digiri 180 shi ne π. Ba iyayi ba ne, ƙa'idar difarenshiyeshan da ta ce sin x yana komawa cos x ba ta tsayawa daidai sai da radiyan. Malamai da yawa kuma ba sa barin kalkuleta ta shiga jarabawa.

Tsarin maki ma daban yake. Zangon mako 15 ne ko 16, aikin gida kowane mako ta intanet, a WebAssign ko MyLab, kuma sayen lambar shiga ake yi. Ga jarabawar tsakiyar zango biyu ko uku kafin ta ƙarshe. Mai jiran mako biyun ƙarshe ya yi karatun dare, kafin nan rabin makinsa ya tafi. Galibi sai ka samu C kafin a bar ka ka wuce Kalkulas 2.

Sai maganar biza, wadda ba a cika faɗa wa mutane ba. Mai bizar F-1, wato bizar ɗalibai, da ke digirin farko dole ya riƙe aƙalla kiredit 12 a zango, kiredit kuwa shi ne ma'aunin nauyin kwas. Kalkulas yawanci kiredit 4 ne. Ka ɗauki 15, abu ya yi zafi ka ajiye kalkulas ɗin, ka koma 11. Ɗan ƙasa zai ajiye ya yi tafiyarsa, kai kuwa takardun zamanka ka taɓa. Doka ta ba da dama a rage maka kwas in an sa ka ajin da bai dace da kai ba, amma sau ɗaya ne, kuma sai ofishin ɗaliban ƙasashen waje ya amince tukuna. Kada ka ajiye kwas kafin ka je wurinsu.

Ni shawarata, in gwaji ya ce share fage, ka yi share fage. Ko kuma ka zauna da darussan bita da ke cikin ALEKS ɗin ka sake gwajin, yawanci ana ba da wannan dama. Littattafan OpenStax na Jami'ar Rice kyauta ne a intanet, ka sauke tun kana gida. Ƙanwata mai shirin karanta aikin jinya ko aikin jarida, ke wataƙila ma ba kalkulas ake nema a wurinki ba, kwas ɗin ƙididdiga ne. Ki tambayi mai ba ki shawara a sashenku.

Bari in juya kyamara. Kun ga ƙofar can ta hagu? Ɗakin taimakon lissafi ke nan, ɗaliban da suka yi gaba ne ke zaune suna koyarwa, ba a karɓar ko sisi. Mu shiga in nuna muku, amma zan rage murya.