Ƙurjin da ke ƙaiƙayi da wanda ba ya ƙaiƙayi: wanne ya fi ban tsoro?

Jama'a barkanmu da sake haɗuwa. Ku kalli hotunan nan biyu da ke kan allo. Na farko ƙasan cibiyar wani ne, wajen ya yi ja ya yi ƙananan ƙuraje har yana ɗan tsattsafo da ruwa, mutumin nan susa yake kamar zai cire fatar, ko bacci baya iya yi. Na biyu kuma tafin hannu ne, wasu ɗige-ɗige masu duhu sun fito a tafin hannun da tafin ƙafa, babu ƙaiƙayi babu zafi, mai shi ma sai da aka nuna masa ya lura. Toh in aka ce ku zaɓi wanda ya fi buƙatar ganin likita da gaggawa, na san yawancinku na farko za ku nuna. Ku riƙe amsar taku, za mu dawo kanta.

Mu fara da mai susar. Ku lura da inda ƙurjin yake, daidai inda maɓallin ƙarfe na wandon jins ko kan bel yake taɓa fata. Wannan shi likitoci ke kira alajin taɓawa, alaji fa na ce ba Alhaji ba, kuma abin da ya fi jawo shi a duniya wani ƙarfe ne da ake kira nikel, wanda ake cakuɗawa cikin 'yan kunne, sarƙa, agogo, firam ɗin tabarau, maɓallai, kai har makullai. Gumi ne ke narko ɗan mitsitsin nikel ɗin ya shige fata, can ciki sai ya manne da furotin ɗin jikin mutum, sai garkuwar jiki ta ga wani abu da bata gane ba. Akwai wasu ƙwayoyin halitta a fata da aikinsu gadi ne, su za su ɗauki abin su kai shi kaluluwa, a can ake koya wa sojojin jiki cewa ga maƙiyi nan ku haddace fuskarsa. Wannan karatun yana ɗaukar kamar kwana 10 zuwa 14 kuma duk lokacin nan mutum ba zai ga komai a jikinsa ba. Sai daga baya in abin ya sake taɓa shi ne rigima ke tashi, ita ma ba nan take ba, sai bayan kwana ɗaya zuwa uku.

Jinkirin nan shi ne ke rikita kowa. Mace ta shafa sabon rinin gashi ran Juma'a, Lahadi ta tashi fuska a kumbure, sai ta fara lissafin me ta ci jiya. Ko kuma ka ji mutum yana rantsuwa wai ai shekara biyar yana amfani da turaren nan ba abin da ya taɓa yi masa, toh ai haka abin yake, jiki na iya koyon ƙin abu bayan shekaru ana tare, kuma in ya koya shikenan da wuya ya manta har ƙarshen rayuwa. Sannan ba duk ƙurjin taɓawa ne alaji ba, mafi yawansu ma cin fata ne kawai, kamar wanda hannunsa ke cikin ruwan sabulu daga safe har dare, wannan ba ruwan garkuwar jiki da haddace komai, fatar ce ta gaji. A ido kuma su biyun kamar an tsaga kara.

To ta yaya ake rabewa? A 1895 wani likitan fata mai suna Josef Jadassohn, yana aiki a birnin Breslau wanda lokacin yana cikin Jamus yanzu kuma yana Polan, ya yi wata dabara mai sauƙi har ka ce me ya sa ba a yi tunaninta tun da ba. Yana da majinyacin da man shafawa mai zaiba, wato makuri, ya ɓata wa fata, sai ya ɗauki ɗan kaɗan ya manna a wajen da fatar take lafiya lau ya rufe ya jira. Ƙurjin ya fito daidai wajen. Yau sama da shekara 120 kenan kuma har yanzu gwajin nan ake yi, an dai gyara shi ne. Za a jera maka ƙananan faya-fayai a gadon baya, kowanne da sinadari ɗaya a ciki daidai awo, jerin da ake amfani da shi a Turai ya kai wajen kala 30, a liƙe da filasta, ka tafi gida awa 48 ba jiƙa baya ba aikin da zai sa ka gumi sosai. Ka dawo a cire a duba, ka sake dawowa rana ta uku ko ta huɗu, wani lokacin har ta bakwai saboda wasu sinadaran 'yan nawa ne. Kar ku haɗa shi da gwajin nan da ake ɗan tsira fatar hannu a ga sakamako cikin minti 15 zuwa 20, wancan na alajin gaggawa ne irin na ƙura da makamantansu, hanyarsu daban.

Ni abin da ya fi burge ni a harkar nan ba gwajin mutum ɗaya ba ne, tarawar ce. Asibitoci da yawa suna gwada mutane da jeri iri ɗaya, sai su haɗa alƙalumansu duk shekara, in wani sinadari ya fara hawa sama sai a gane akwai abin da ya shigo kasuwa. Haka aka yi da nikel, Denmak ta sa doka a 1990, Tarayyar Turai ta biyo baya a 1994, aka ce duk ƙarfen da zai daɗe yana taɓa fata kar ya saki nikel fiye da maikirogiram 0.5 a kowane murabba'in santimita a mako, kuma da aka sake bincike bayan shekaru an ga alajin ya ragu a cikin 'yan mata masu tasowa. Magina ma haka, siminti yana da sinadarin kuromiyom mai narkewa a ruwa da ke farfasa musu hannu, sai aka gano in an zuba wani gishirin ƙarfe cikin simintin yana kashe kaifinsa, ƙasashen arewacin Turai suka fara, daga 2005 ya zama doka a duk Tarayyar. Na baya-bayan nan shi ne wani sinadarin hana kaya lalacewa mai dogon suna, ana taƙaita shi da MI, yana cikin man shafawa da tishun goge jarirai da fenti, wajen 2010 zuwa 2013 likitocin fata suka ga masu alajinsa sun yi tashin gwauron zabi, zuwa 2017 Turai ta hana sa shi a duk abin da ake shafawa a bari a jiki.

Yanzu mu koma kan tafin hannun can. Shi Jadassohn ɗin nan yaron gidan wani babban likita ne a Breslau, Albert Neisser, mutumin da ya gano ƙwayar cutar ciwon sanyi a 1879. Kar ku yi mamakin me ya haɗa likitan fata da ciwon sanyi, a ƙasashe da yawa har gobe fanni ɗaya ne, sashe ɗaya, kuma tunjere, wata cutar da ita ma ake ɗauka ta saduwa, shi ne ya haɗa su. Don shi tunjere a fata yake fara sallama. Kamar sati uku bayan ɗauka wani gyambo ke fitowa a inda ƙwayar ta shiga, baya zafi, ya warke da kansa cikin 'yan makonni, mutum ya ce alhamdulillahi ya wuce. Bai wuce ba. Bayan makonni ko watanni sai ƙuraje su fito a jiki, sau da yawa har tafin hannu da na ƙafa, galibi ba ƙaiƙayi, su ma su ɓace da kansu. Daga nan cutar ta yi lamo, shekaru, a wasu mutanen ta dawo ta taɓa zuciya da jijiyoyi da ƙwaƙwalwa, mai ciki kuma tana iya sa wa ɗan da ke cikinta. Likitoci suna masa kirari da babban makwaikwayi saboda ba kalar ƙurjin da baya iya kwaikwaya. Kun ga kenan mai susar can in ya canza bel ya shafa magani ya huta, wannan da ba abin da ke damunsa shi ne ke buƙatar gwajin jini yau ba gobe ba.

An sha wuya kafin a kai ga gwajin jinin nan. A 1905 Fritz Schaudinn da Erich Hoffmann suka hango ƙwayar a madubin likita a Balin, siririya mai murɗe kamar zaren da aka nannaɗe. 1906 August von Wassermann ya fito da gwajin jini. 1910 Paul Ehrlich da Sahachiro Hata ɗan Japan suka kawo Salvarsan, maganin da aka haɗa da gubar asenik, wanda ake wa laƙabi da 606. Sai 1943 John Mahoney a Amurka ya nuna fenisilin na kashe ta, kuma abin mamaki har yau allurar fenisilin ɗin ce maganin farko.

Amma wallahi tarihin nan akwai datti a cikinsa, bazan tsallake ba. Shi kansa Neisser ya yi wa wasu mata allurar ruwan jinin masu tunjere ba tare da ya gaya musu ba wai yana neman rigakafi, wasunsu suka kamu, magana ta fashe aka ci shi tara, a 1900 gwamnatin Furushiya, yankin Jamus da Breslau ke ciki a lokacin, ta fitar da umarnin cewa ba a gwaji a kan mutum sai da yardarsa. Ka ce an ɗau darasi ko? A 1932 hukumar lafiyar gwamnatin Amurka ta fara wani bincike a Tuskegee cikin jihar Alabama, baƙaƙen fata maza 600, 399 suna da tunjere, 201 basu da shi, aka ce musu wai mugun jini ake musu magani alhali kallon yadda cutar ke cin su kawai ake. Fenisilin ya zo, aka hana su. Shekara 40 ana haka, sai 1972 da wani ma'aikaci Peter Buxtun ya kai wa 'yan jarida labarin sannan aka tsaya, shugaban ƙasa Bill Clinton ya nemi afuwa a 1997. Takardar amincewar nan da ake ba mutum ya karanta ya sa hannu kafin a sa shi cikin bincike, da kwamitin da ke tantance binciken kafin a fara, daga irin wannan ta'asar suka samu ƙarfi.

Yau fa ina aka kwana? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 an samu sabbin kamuwa miliyan 374 da cututtuka huɗu masu warkewa da ake ɗauka ta saduwa, a tsakanin 'yan shekara 15 zuwa 49, sama da miliyan ɗaya a kullum kenan, kuma da yawa basu da wata alama sam. Ciwon sanyin Neisser ya zama ɗan taurin kai, ya bijire wa fenisilin, ya bijire wa tetarasaikilin, ya bijire wa sifirofuloksasin da ake ce wa sifiro, yanzu allurar seftiriyazon ake lallaɓawa da ita kuma an fara samun wanda ita ma yake mata gardama, shan kafso barkatai ba gwaji yana cikin abin da ya kai mu nan.

Akwai wani bincike da nake so ku ji don ku ga yadda aikin yake da sarƙaƙiya. An gwada shan doksisaikilin, wani maganin kashe ƙwayoyin cuta, miligiram 200 cikin awa 72 bayan saduwa don rigakafin irin waɗannan cututtukan. A biranen San Faransisko da Siyatil, a cikin maza masu neman maza, kamuwa ta ragu da kusan kashi biyu cikin uku. Aka yi irinsa a kan mata a Kisumu ta ƙasar Kenya, ba a ga wani bambanci na a zo a gani ba. Sai masu binciken suka yanki ɗan gashin wasu daga cikin matan suka auna, don magani yana barin sawu a gashi, sai ga shi da yawansu babu alamar maganin a jikinsu duk da sun ce suna sha. Shi ya sa da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta fitar da shawararta a 2024, ga rukunin da aka ga ya yi wa aiki kawai ta bada ita, na mata kuma ta bar shi a buɗe sai an sake gwadawa.