Wa ke motsa dodon idan kai kaɗai ne a teburi?

Jama'a, barkanmu da warhaka. Tun da hotunan wasan yaƙin nan na 'yan mutum-mutumi a kan teburi suka fara yawo, tambaya ɗaya ake ta nanatawa: mutum shi kaɗai a ɗaki, ga mayaƙansa ga dodanni, duk hannunsa ke motsa su, to da wa yake yaƙi? Wasu ma cewa suke yi mai buga dara da kansa ne, ya ci a nan, ya zagaya can ya yi zugum.

Wanda ke gabanmu sunansa Rangers of Shadow Deep. Joseph McCullough ne ya tsara shi, ya fito a 2018. Shi ne dai mai Frostgrave na 2015, sai dai wancan karawa ake yi tsakanin 'yan wasa, wannan kuwa tun asali an yi shi ne don mutum ɗaya, ko abokai su haɗa kai gefe guda. Labarinsa a taƙaice: wani baƙin duhu ya haɗiye masarautar Lorenthia, ya tunkaro maƙwabciyarta Alladore, aka tura 'yan sintiri su gano abin da ke ciki.

Kayan aiki ga su nan. 'Yan mutum-mutumi, rula mai inci, kartar wasa, da ɗan ludo mai fuska 20. Gidajen nan da kwali na yi su, kada wanda ya yi dariya.

Kowane zagaye kashi huɗu ne. Jaruminka, wato ɗan sintirinka, ya motsa, dodanni su motsa, 'yan rakiyarsa su biyo, sannan a zari karta. Faɗa ba wuya: kowa ya jefa ɗan ludo ya ƙara makin gwanintarsa, mai rinjaye ya yi sara. Daga jimillar mai rinjayen a cire makin sulken wanda aka sara, abin da ya rage shi ne rauni. 16 a kan sulke 12, rauni 4 ke nan. Mu wuce.

Kashi na biyun nan, na motsin dodanni, shi ne inda ake ruɗewa, don haka a nutsu.

Ba kai kake yi wa dodo tunani ba. Hannu kawai kake ara masa. Ƙa'idar wasan ta tanadar masa tambayoyi a jere, kai naka ka amsa da gaskiya. Yana cikin faɗa? To ya yi sara, ba shawara. Ba ya ciki, amma yana da baka kuma ya hango wani naka? Ya harbi mafi kusa. Ba shi da baka amma ya hango? Ya nufi mafi kusa da shi. Bai hango kowa ba? Ya doshi wurin da labarin karawar da kake bugawa ya ayyana, in babu, a jefa ɗan ludo, inda tsininsa ya nuna nan zai bi.

Ku dubi wannan gawa mai tafiya. Ga maharbina a dama, saura ƙiris ya faɗi. Ga jarumina a hagu, lafiyarsa garau. Da mai wayo ne ke riƙe da gawar, maharbin zai ƙarasa. Amma mu ɗora rula. Inci 5 zuwa jarumi, 7 zuwa maharbi. Jarumi za ta nufa, ko ina so ko ba na so.

Yanzu mu juya lamarin. Na matsar da maharbin inci 3 gaba. Shi ne mafi kusa. A nan ne zuciya ke fara raɗa maka: ai bangon nan ya tare, ba ta gan shi ba. Sunkuya, malam. Kawo idonka daidai kan gawar, kamar haka. Ga hularsa can ta leƙo ta gefen bango. Ta gan shi. Sai haƙuri.

Kuskuren da ake yi iri biyu ne. Akwai mai tausayin mutanensa, yana karkatar da dodo. Akwai kuma mai son nuna jarumta, yana ba dodo dabarar da ƙa'ida ba ta ba shi ba. A ganina na biyun ya fi ɓata wasa, domin daɗin abin shi ne ka san halin maƙiyinka ka yi masa tarko. Tun da ka san mafi kusa yake bi, sai ka tura mai sulke gaba ya zama ƙugiya, maharba su laɓe a baya.

To in an san duk abin da dodo zai yi, ina fargabar? Tana cikin kartar nan. Kowane labari da jadawalinsa, kowace karta da abin da take jawowa: sabon dodo ya ɓullo ta bayanka, ko wani abu ya rushe. Ga kuma alamomin bincike a warwatse, ba ka san abin da ke ƙarƙashinsu ba sai ka isa. Tsarin da ka shirya tsaf, karta ɗaya ta wargaza shi.

In mutanenka biyu nisansu ɗaya da dodo, kada ka zaɓa da kanka. Jefa ɗan ludo: mara, na hagu, cika, na dama. Bari mu gani. 8. Maharbi, Allah ya ba da sa'a.