Yadda Ƙwaron Gari Ke Yin Ɓawonsa
Lacca ce da aka gabatar a Kano, aka rubuto ta daga faifai

Assalamu alaikum. Malamaina, iyayenmu mata, ɗalibai, barkanmu da yamma.

Duk wadda ta taɓa tankaɗe fulawa ta ga ɗan jan ƙwaron nan yana gudu a matankaɗi, ta san wanda nake nufi. Masana na ce masa Tribolium castaneum, kuma tun 2008 aka karance ƙwayoyin gadonsa kaf. Shi ne buzuzu na farko da aka yi wa haka.

Tsutsarsa ba ta girma sai da saɓa. Abin da ke ba da umarnin saɓar wani homon ne, wato sinadarin da ke kai saƙo cikin jiki, sunansa ekdison. Amma ba shi ke zaɓar abin da za a zama ba, wannan aikin wani homon ne daban, homon ƙuruciya. Muddin yana cikin jini, yakan kama wani furotin mai suna Met, shi kuma ya kunna ƙwayar gado Kr-h1, ita kuma ta danne wata ƙwayar gadon mai suna E93, wadda ke buɗe ƙofar balaga. Sai a sake fitowa tsutsa. Ranar da homon ƙuruciya ya ja baya, tsutsar ta kwanta ta daina ci, sai fatarta ta shiga haɗa sabon ɓawo daga ciki, har ta rikiɗa ta fito ƙwaro.

Ku dubi ƙwaron da ya fito yanzu: fari fat, jiki laushi, yatsa ma na iya murje shi. Ɓawon haɗi ne na furotin da zaren wani sinadari mai suna kaitin, kamar rodi da siminti. A saman fukafukan da ke rufe bayansa, furotin biyu ne suka fi yawa, CPR18 da CPR27. A 2012 masu bincike suka toshe ƙwayoyin gadon da ke yin su, fukafukan suka fito a yamutse, suka kasa rufe baya. Ƙwarin da aka hana wa CPR27 mutuwa suka yi, mai yiwuwa saboda bushewa. Tun 2005 kuma aka nuna a Jami'ar Jihar Kansas ta Amurka cewa in babu sinadarin lakkes na biyu, ɓawon ba ya tauri, ba ya yin ja. Ikon Allah!

Abin da ya kawo ni ke nan, jama'a. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya saboda yawan maganin ƙwari a jikinsa, irin sinadarin fiya-fiya. Wannan waken ne yaranmu ke ci a ƙosai da alala, kuma abin yana ci mini rai. Alhali akwai magani irin su metofirin da ke kwaikwayon homon ƙuruciya, ya hana tsutsa zama ƙwaro mai haihuwa, kuma jikin ɗan Adam ba ya aiki da wannan homon.

Ɗalibaina, ƙwaron wake da ke huda buhuna a Dawanau shi ma buzuzu ne, ta wannan hanyar yake rikiɗa. Ku je ku ɗebo shi a kwalba, mu fara da shi.