Jakar bayan gida tana yoyo? Ku duba ramin da kuke yankawa

Assalamu alaikum jama'a. Kwanan nan hoto iri ɗaya ake ta turo mana: jakar bayan gida, wadda ake manna wa masu tiyatar hanji a ciki, an nannaɗe gefenta da salatif, kamar kwalin da za a saka a motar Legas. Kukan kuma ɗaya ne, tana yoyo, fata ta saɓule. To, a ajiye salatif ɗin nan tukuna.

[Zanen ciki]

A gurguje. Bayan tiyatar dajin hanji, wani lokaci likita kan fito da bakin hanjin ta fatar ciki, shi ake kira sitoma. Ta babban hanji galibi a hagu take, bayan gidan da kauri. Ta ƙaramin hanji a dama, ruwa-ruwa, kuma ruwan nan cin fata yake yi. Sitoma ja ce jawur da danshi, kamar cikin kumatu. Ba ta jin zafi, ɗan jini wajen gogewa kuma ba abin tashin hankali ba ne.

[Hannu riƙe da faifai da almakashi]

Ga inda gizo ke saƙa. Ramin tsakiyar faifan nan mai manne da ke riƙe jakar a fata, inda sitomar ke shiga, ku ne kuke yanka shi. Ranar sallama nas ta auna ta ba ku ma'auni, ku kuma kuka riƙe shi kamar gadon kaka. Alhali a kumbure sitomar take a lokacin. Cikin mako 6 zuwa 8 kumburin yake saɓewa. Ita ta ragu, ramin yana nan yadda yake. Ku kalli zoben fatar nan da ya rage a buɗe. A kansa bayan gida ke zama, ya ci fatar, ta fara tsatsafo da ruwa. Manne ba ya kama jiƙaƙƙiyar fata, sai yoyo ya ƙaru, fata ta ƙara lalacewa. Salatif daga waje rufe ɓarnar kawai yake yi, a ciki tana nan tana ci.

Tazarar da ake so tsakanin sitoma da bakin ramin milimita 2 zuwa 3 ce, wajen kaurin tsinken ashana. Kada kuma a matse, bakin faifan zai goge sitomar ta yi jini. Ba kowace sitoma ce zagayayya ba, wata kamar ƙwai take, sai a zana siffarta a takarda a yanka daidai. A sake aunawa duk mako a watanni biyun farko, da duk lokacin da aka rame ko aka yi ƙiba.

[A sassauta gudun hoton]

Wajen wanke wurin, ruwan ɗumi kawai, a tsane fatar ta bushe ƙayau. Mu da hunturu ya koya wa shafa basilin da man kaɗanya, nan wurin dai a yi haƙuri, maiƙo da manne ba sa ga maciji. In fatar ta riga ta saɓule, hodar sitoma kaɗan, a kakkaɓe sauran. Ban ce hodar jarirai ba. A manna, a dafe da tafin hannu kamar minti guda, ɗumin jiki ne ke sa ta kama. Ƙaiƙayi ko raɗaɗi a ƙarƙashin faifai? Yoyo ya fara, a canza. Na san jakar nan da tsada, wallahi na sani. Amma lalatacciyar fata ta fi cinye jakunkuna.

Sauran da sauri. A zubar da abin da ke cikin jakar tun tana kashi ɗaya cikin uku, nauyi ne ke ɓanɓaro ta. Ta kumbura da iska cikin dare? Ku tuhumi wake, kabeji, albasa da lemon kwalba. Masu ta ƙaramin hanji, gyaɗa, masara da kwakwa a tauna sosai don suna toshewa, a kuma yawaita ruwa, da ruwan gishiri da sukari in fitar ta yi yawa. Maganar alwala, akwai sauƙi ga mai lalura, ku zauna da malaminku.

Waɗannan kuwa ba a kwana da su a gida: sitoma ta koma baƙa ko shuɗi-shuɗi, jini na fitowa daga cikinta, ko fitar ta tsaya cak ga murɗar ciki da amai. Asibiti kai tsaye, a tafi da jakar canji a hannu.