Ƙurar Hunturu Ko Hayaƙin Gari: Yadda Hasken Leza Ke Tantance Iskar Legas

Assalamu alaikum. 'Yan uwa na Agege da Idi-Araba da sauran waɗanda suka halarci wannan zama, barkanku da zuwa.

Daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu kan kwaso ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, inda tsohon tafki ya ƙafe, ta ratso Arewa har ta iso bakin teku. A nan Legas sai ta cakuɗe da hayaƙin janareta da na danfo da na manyan motocin Apapa. Na'urar da ake kafawa a bakin titi tana auna nauyin ƙwayoyin da ke cikin iska, amma ba ta faɗin inda suka fito.

Wannan shi ne aikin na'urar lida. Tana harba hasken leza sama, galibi kore, sannan ta tari abin da ya dawo bayan ya bugi ƙwayoyin. Tunda haske na tafiyar kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa guda, jinkirin dawowarsa shi ke nuna tsayin da ƙurar take. Abin da ya fi muhimmanci a wurina shi ne siffa: ƙwayar ƙurar hamada gutsuren ma'adini ce mai kusurwoyi, saboda haka takan karkatar da daidaiton hasken sosai, wato alƙiblar da igiyar hasken ke kaɗawa, alhali ƙwayar hayaƙi da ɗigon gishirin teku, da yake sun fi kusa da dunƙulalle, kaɗan suke karkatarwa. Da wannan bambanci ake raba kason hamada da kason gari.

Tauraron ɗan Adam mai suna CALIPSO na Amurka da Faransa ya yi wannan awo daga sararin samaniya tun 2006 har zuwa 2023, sai dai tauraro wucewa yake yi, gajimare mai kauri kuma yana tare hasken. Shi ya sa nake ganin Legas na buƙatar lida a ƙasa mai aiki dare da rana.

Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa gurɓatar iska ta yi sanadin mutuwar mutum 11,200 a Legas a 2018, mafi yawansu yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Babu hukumar da za ta hana hunturu kaɗawa, iyakarta ta gargaɗi masu asma da iyayen jarirai tun da wuri. Amma kason da ya fito daga salansa da janareta namu ne, kuma muddin ba a auna shi daban ba, za a ci gaba da ɗora wa hamada laifinsa.