Lacca: Canza Launin Manhaja Tana Cikin Aiki

Assalamu alaikum. 'Yan'uwa masu gina manhajojin Android, tambayar da aka fi yi mini ita ce: yaya zan canza launin da na rubuta a colors.xml, fayil ɗin launukan manhaja, bayan manhaja ta riga ta hau waya? Ba za ka iya ba, kuma akwai dalili.

Lokacin da ake haɗa manhajar Android, ana dunƙule launuka da salo da rubuce-rubuce cikin fayil guda mai suna resources.arsc, a saka shi cikin APK, wato ƙunshin manhajar da ake sakawa a waya, a sa masa hannu. Daga nan sai dai karantawa. Abin da ke hannunka shi ne zaɓar jigon (theme, wato tarin launuka da salo) da allo zai duba.

A nan nake so mu ɗan daɗe. In ka rubuta wa maɓalli shuɗi kai tsaye, ka ɗaure shi ke nan, da shuɗin zai tsufa. Amma in ka ce ya ɗauki ?attr/colorPrimary, wato babban launin jigo, to duk jigon da aka ɗora, daga gare shi zai karɓi launinsa. Sai ka tanadi jigo biyu ko uku tun farko a themes.xml, ka riƙa zaɓa da setTheme.

Akwai ranar da na kwana a kan wannan. Na kira setTheme, akwatunan saƙo da ke fitowa sun koma kore, maɓallan allo kuwa suna nan da shuɗinsu. Ashe na sa layin ne a ƙasan setContentView, layin da ke gina abubuwan allo. Kowane abu a allo yana karanta launinsa ne sau ɗaya, a lokacin da ake gina shi, bayan haka ba ya waiwaye. Da na ɗaga layin sama, shi ke nan. In kuma mai waya ne ya canza yana tsakiyar aiki, ka ajiye zaɓinsa a SharedPreferences, ma'ajiyar ƙananan saituna ta manhaja, ka kira recreate. Amma fa ku sani, recreate rushe allon yake yi ya sake ginawa. Abin da ba ka adana a ViewModel ko onSaveInstanceState ba, wato wuraren riƙe bayanan allo, yana iya salwanta, mutum ya rasa aikin da ya yi nisa a kai.

Jigon duhu kam da sauƙi. Android 10 ta kawo shi ga waya gaba ɗaya a 2019. Ka zuba launukan dare a babban fayil na values-night, ka kira setDefaultNightMode. A 2021 Android 12 ta fara ciro launuka daga hoton bangon waya.

Wahalar tana ga launin da ba ka san shi ba sai manhaja ta tashi, misali wanda aka turo ta intanet. ResourcesLoader, mai ɗora sababbin launuka da makamantansu a kan na asali manhaja tana aiki, na iya wannan, sai dai daga Android 11 ya fara, tsofaffin wayoyi ba su da shi. Ni a ganina Jetpack Compose, hanyar gina allo da kod kai tsaye, ya fi dacewa a nan, domin launi a cikinsa ƙima ce kawai a harshen kod na Kotlin: ka canza ta, allo ya sake zana kansa.

Kuma in ka ba mutum damar zaɓa, wani zai zaɓi rawaya mai haske, farin rubutunka ya ɓace a kai. Ƙa'idar WCAG, mai tabbatar da kowa na iya karanta abin da ke allo, ta ce bambancin haske tsakanin rubutu da bango ya kai 4.5 bisa 1. Ka lissafa shi a kod, in bai kai ba ka juya rubutun zuwa baƙi.